Shin Sunan Samsung Kaɗai Ya Isa a Sayi Kaya?

"Assalamu alaikum. Don Allah ina neman ƙarin bayani a kan Samsung. Ina ganin sunansu a waya, talabijin, firiji da esi, har wani abokina ya ce jiragen ruwa ma suna ƙerawa. Kamfani ɗaya ne ke yin duk wannan? Sannan wayata an rubuta a bayanta cewa a Biyetnam aka yi ta, shi kuma ya ce in dai ba Koriya aka rubuta ba, jabu ce. Ina shirin sayen kayan wuta na gidan da zan tare. In na ga sunan kawai, in saya hankali kwance?"

Wa alaikumus salam, Allah ya sanya alheri. Tambaya uku ka haɗa wuri ɗaya: su wane ne Samsung, me suke ƙerawa kuma a ina, sannan ko sunan ya isa hujjar saye. Abokinka ya yi gaskiya a kan jirgin ruwa, amma ya kuskure a kan Biyetnam. Ita kuwa ta ukun, amsarta a'a ce, kuma tarihin kamfanin ne zai nuna maka dalili.

Daga busasshen kifi zuwa kayan lantarki

Samsung na Koriya ta Kudu ne, ba na Japan ko Chaina ba. Lee Byung-chul ne ya kafa shi a shekarar 1938 a birnin Daegu, lokacin Koriya na ƙarƙashin mulkin Japan, kuma sana'ar farko fatauci ce: busasshen kifi, kayan lambu da taliya. Ya koma Seoul a 1947, yaƙin Koriya ya tashe shi zuwa Busan, inda ya kafa matatar sukari a 1953, sannan masaƙar ulu a Daegu a 1954. Daga nan ya shiga inshora da manyan kantuna.

Wannan salo ne na manyan gidajen kasuwancin Koriya, inda iyali ɗaya ke riƙe da kamfanoni da dama, kowanne da rajistarsa da shugabanninsa. Don haka wanda ya yi wayarka, wato Samsung Electronics, daban yake da Samsung Heavy Industries mai ƙera jiragen ruwa, daban da Samsung C&T mai gine-gine, wanda ya jagoranci ginin Burj Khalifa na Dubai mai tsawon mita 828. Na jiragen ruwan ma ya taɓa Najeriya kai tsaye: shi ya ƙera katafaren jirgin sarrafa ɗanyen mai na rijiyar Egina, wanda ya iso Legas a Janairun 2018 aka ƙarasa haɗa shi a can.

Sashen lantarki sai a 1969 aka buɗe shi a Suwon. Da taimakon kamfanin Sanyo na Japan suka fitar da talabijin mai baƙi da fari a 1970, firiji da injin wanki suka biyo baya a 1974. A wancan zamani kayan Samsung masu araha ne da ake kallo a matsayin kwaikwayon na Japan. Wanda ke da kuɗi Sony ko National yake nema.

Abin da ya sauya kamfanin ba kayan da ake gani a kanti ba ne. A 1974 suka sayi hannun jari a wani ƙaramin kamfanin Koriya mai ƙera cif, wato ƙananan ƙwayoyin lantarki da ke cikin na'urori, a 1983 kuma Lee ya sanar cewa za su zuba dukiya a ƙera memori na kwamfuta, harkar da Amurka da Japan suka mamaye. Kafin shekarar ta ƙare sun fitar da nasu na farko, zuwa farkon shekarun 1990 kuma sun zama na ɗaya a duniya a wannan fanni. Riƙe wannan a ranka, don shi ne tushen ƙarfinsu har gobe.

Lee ya rasu a 1987, ɗansa Lee Kun-hee ya gaje shi. A 1993 ya tara manajojinsa a Frankfurt ta Jamus ya ce su sauya komai in ban da matansu da 'ya'yansu, a bar gasar yawa a koma gasar inganci. A 1995, da aka sami wayoyi masu matsala, ya sa aka tara kaya kusan 150,000 a harabar masana'antar Gumi, aka farfasa su aka cinna musu wuta a gaban ma'aikata. Bayan nan nasarori suka jeru. Tun 2006 su ke kan gaba a cinikin talabijin a duniya. Galaxy S ta fito a 2010, Note mai alƙalami a 2011, a 2012 kuma suka ture Nokia daga matsayin wanda ya fi kowa sayar da waya. Sun yi tuntuɓe mai tsanani a 2016, lokacin da batirin Note 7 ya riƙa kamawa da wuta har aka janye wayar daga kasuwa gaba ɗaya. Wayar da ake ninkewa ta zo a 2019. Jikan wanda ya kafa gidan, Lee Jae-yong, shi ne shugaba tun 2022.

Akwai abubuwan da suka bari, kuma sanin su na da amfani a kasuwa. Sashen had-dis, wato faifan ajiye bayanai na kwamfuta, sun sayar wa Seagate a 2011, na firinta sun sayar wa HP a 2017, kyamarar hannu ma sun daina. A ɗaya ɓangaren, a 2017 suka sayi Harman a kan dala biliyan 8, don haka sifikar JBL da AKG yanzu 'yan gidan Samsung ne.

Maganar Biyetnam

Kaso mai yawa na wayoyin Samsung a Biyetnam ake haɗa su, a masana'antunsu na Bac Ninh da Thai Nguyen, wasu kuma a Noida ta Indiya. Masana'antar waya ta ƙarshe da suke da ita a Chaina sun rufe ta a 2019, sai dai suna bai wa wasu kamfanonin Chaina kwangilar ƙera musu wasu ƙananan wayoyi masu araha. Talabijin kuma suna da masana'antarsa a Beni Suef ta Masar. Kaɗan ne daga kayansu ake haɗawa a Koriya. Saboda haka rubutun Biyetnam ba aibi ba ne, kuma rubutun Koriya ba shaida ba ne, tunda mai yin jabu babu abin da ya fi masa sauƙi kamar buga rubutu a kwali.

Inda ƙarfin yake da inda ba ya nan

Samsung ya bambanta da yawancin abokan gasarsa ta fuska ɗaya: yana ƙera kayan ciki da kansa. Sikirin na AMOLED (wanda kowane ɗigonsa ke ba da haskensa), memori, ma'ajiyar bayanai, idon kyamara da furosesa mai suna Exynos duk a gida ake yin su. Hatta Apple, tun daga iPhone X a 2017, yana sayen sikirin daga wurinsu. Duk kayan da suka dogara da sikirin ko memori, a nan Samsung ke da fifiko na gaske: manyan wayoyi, talabijin, ma'ajiyar SSD da katin memori.

Amma kamfanin na sayar wa attajiri da ɗan makaranta a lokaci guda, kuma a kayan ƙasan ba lallai ka sami waɗannan kayan cikin ba. Suna ɗaya ne a goshin waya, cikin kuwa hawa-hawa ne.

Wayoyi

A sama akwai jerin S da jerin Z masu ninkewa. Note an daina ta, alƙalaminta ya koma S Ultra tun 2022. A tsakiya da ƙasa akwai jerin A, wanda ya haɗiye tsohon jerin J a 2019. Jerin M da F don kasuwar Indiya aka fi yin su.

Lambar jerin A tana karantuwa. Ta farko ita ce aji, ta biyu zamani. A55 tana aji na 5, zamani na 5, A16 kuwa aji na 1, zamani na 6. Don haka A16 ta fi A55 sabunta amma ba ta kai ta daraja ba, kuma masu saye da yawa a nan suke ruɗewa. Ajin sifili, kamar A05 da A06, sikirin ɗin LCD ne da su, furosesa na MediaTek, da ma'ajiya mai jinkiri. A wannan aji ban ga abin da Samsung ya fi Tecno, Infinix ko Redmi da shi a kayan ciki ba, sau da yawa ma su suke ba da memori mafi yawa a kuɗi ɗaya. Ba banza ba kamfanin Transsion, mai Tecno da Itel da Infinix, ya fi Samsung cinikin waya a Afirka. Daga A15 ake fara samun AMOLED. A35 da A55 suna da kariyar ruwa da ƙura, da kyamarar da ba ta rawa a bidiyo. A ganina, daga nan ne kuɗin sunan ke fara biyan kansa.

Inda Samsung ya yi zarra ko a ƙananan wayoyi shi ne sabunta manhaja. S24 an yi mata alkawarin shekara 7, A16 shekara 6. Wanda ke riƙe waya ta daɗe, musamman mai amfani da manhajar banki, wannan ya shafe shi.

Tun daga S21 babu kan caja a kwali, babu kuma gurbin katin memori a jerin S. Cajar sauri ta wat 25 tana buƙatar kai mai bakin USB-C da ke da tsarin PPS. In ka sa wani kan daban za ta yi caji, amma a hankali, kuma ba laifin batir ba ne.

In waya ta hannu za ka saya, irin wadda ake kira Landan-yus, duba harafin ƙarshen lambar samfurinta a saitin, wajen bayanin waya. F, B ko E na kasuwar duniya ne, U na kamfanonin layin Amurka, W na Kanada, N na Koriya. Mai U tana iya zuwa a kulle da layi ɗaya, kuma galibi gurbin sim ɗaya gare ta. Mai N ba a iya kashe ƙarar kyamararta. Kafin ka biya, sa sim ɗinka ka yi kira. Danna *#06# ka gwada lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, da ta cikin saitin da ta kwali. Danna *#0*# zai buɗe shafin gwaji na launuka, taɓi, sifika da na'urorin ji. Jabu galibi ba ta buɗe shi, ko da yake wasu wayoyin Amurka na gaske ma an toshe musu shi, sai a yi gwajin ta manhajar Samsung Members. A farin shafi, duba ko akwai inuwar madannai ko ta alamomin sama da ta ƙone a sikirin. Wannan ciwon AMOLED ne, ba ya warkewa. Haka koren layin da ke tsagawa daga sama zuwa ƙasa, maganinsa sabon sikirin kawai, kuma a jerin S kuɗin sikirin na asali kan kai wani babban kaso na kuɗin wayar ta hannu. Gwada ɗan yatsa a kan sikirin ma: in an sauya shi da na kwafi mai LCD, na'urar karanta yatsa ba za ta yi aiki ba. Abu na ƙarshe, sa mai wayar ya cire asusunsa na Google da na Samsung, a goge wayar a gabanka, ka haɗa ta da intanet ka shiga da naka. Wayar da aka ɗauka bashi ba a gama biya ba tana iya kulle kanta daga nesa bayan kwanaki, kuma falashin ba ya cire wannan kullen.

Talabijin

Hawan nan huɗu ne. Crystal UHD shi ne na ƙasa. QLED, tun 2017, shi ma LCD ne da aka ƙara wa wani shafi mai ƙawata launi. Neo QLED na 2021 yana da ƙananan fitilu masu yawa a baya, don haka baƙinsa ya fi zurfi. OLED, tun 2022, kowane ɗigo da haskensa, hotonsa ya fi kyau amma ba ya son tasha ɗaya mai tambari a kusurwa ta wuni a kunne. Ga falo mai haske da yara, QLED na tsakiya ya wadatar.

Lambar samfuri a nan ma tana magana. A UA55CU7000, harafin A na nufin an yi shi don yankin Asiya, Gabas ta Tsakiya da Afirka, 55 inci ne, C kuma shekarar 2023. A na 2021 ne a wannan gurbi, B na 2022, D na 2024. Wanda ya fara da UE na Turai ne, UN na Amurka. Ka kiyayi na Amurkan, don da yawansu wutar bolt 110 zuwa 120 suke ɗauka, tamu kuwa 230 ce, kuma na'urar kama tasharsu ba irin tamu ba ce.

Jabun talabijin ya fi jabun waya yawa a kasuwanninmu, amma gane shi ba wuya. Talabijin mai intanet na Samsung da manhajar Tizen yake aiki tun 2015. Duk wanda aka kunna maka ka ga Android ya fito, tambarin kawai aka manna. Duba kuma ko lambar da ke cikin saitin ta yi daidai da ta takardar baya.

Abin da ya fi kawo talabijin teburin gyara biyu ne. Na ɗaya, murya na fita amma babu hoto. Haska tocila kusa da gilashin, in ka hango hoton dishi-dishi to fitilun baya ne suka mutu, ana sauya su duka a jere, ba guda ɗaya ba. Rage hasken baya daga ƙarshensa zuwa wajen kashi 70 cikin 100 yana tsawaita ransu, don zafi ne ke kashe su. Na biyu, bod ɗin wuta, wato allon lantarkin da ke karɓar wuta, da ke ƙonewa idan wuta ta dawo da ƙarfi. Tsawa ma kan shigo ta wayar dish ta bi HDMI ta kashe babban bod, don haka a damina a zare wayar dikoda, ba soket kaɗai ba. Gilashin da ya fashe kuwa, sauya shi ya kusa kuɗin sabo.

Firiji, esi da injin wanki

A nan ne sunan ya fi rauni a matsayin hujja, ba don kayan ba su da kyau ba, sai don LG, Hisense, Haier Thermocool, Midea da Panasonic duk suna yin masu kyau, kuma abin da ke kashe su a wurinmu wuta ce da zafi da ƙura.

Yawancin na Samsung na yanzu masu inbata ne. Kwamfuresa ba ta kashewa ta kunna, sai dai ta rage gudu ta ƙara, don haka ba ta jan wuta mai yawa a tashin farko. Wannan alheri ne ga mai sola ko ƙaramin janareto. Farashin alherin shi ne bod na lantarki da ke sarrafa ta, wanda ba ya jure hawa da saukar wuta, kuma dogon garantin da ake rubutawa da manyan baƙaƙe a ƙofar firiji na kwamfuresa ne kaɗai, bai haɗa da bod ba. Saka kuɗin sitabilaiza a lissafinka tun farko: VA 1,000 zuwa 2,000 ga firiji, 3,000 zuwa 5,000 ga esi mai doki ɗaya da rabi, kuma mai jinkirta kunnawa na minti 3 zuwa 5 bayan dawowar wuta.

A takardar jikin firiji akwai ajin yanayi. N yana aiki daidai har zuwa digiri 32, ST zuwa 38, T zuwa 43. Ga Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Maraɗi a watan Afrilu, T za ka nema. Shi ya sa firijin gwanjo na Turai mai N ke wuni yana gurnani ruwa bai yi sanyi ba. In an kawo shi a kwance, bar shi tsaye na awoyi kafin ka kunna, man kwamfuresa ya koma mazauninsa. Bar tazarar kamu ɗaya tsakaninsa da bango. Gas ɗinsa R600a ne, yana kama wuta, kuma da awon giram ake zuba shi kamar yadda aka rubuta a takardar, ba da ƙiyasi ba. Sannan in unguwarku awa 4 ko 5 kuke samun wuta a rana, firiji marar ƙanƙara mai fanka ba zai riƙe sanyi ba. Firiza ta kwance, ko ta wane kamfani ce, ta fi dacewa da kai.

Esi kuma rabin ingancinsa a hannun mai haɗawa yake. Doki ɗaya BTU 9,000 ne, ɗaya da rabi 12,000, biyu 18,000. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12 doki ɗaya ya ishe shi, sai in rana na dukan bangonsa ko rufin kwano ne marar silin mai kyau, to a ƙara. Ka tsaya a kan mai haɗawa ya zuƙe iskar bututu da injin zuƙa na aƙalla minti 15 kafin ya saki gas. Iska da laimar da aka bari a ciki su ke rage sanyi su ci kwamfuresa a hankali. Ya kuma shafa kumfar sabulu a mahaɗar bututu, don yoyon gas kusan kullum daga nan yake. Gas ba ya ƙarewa haka kawai, in an ce ya ragu to akwai inda yake fita. A hunturu a wanke matatar ƙura duk mako biyu.

Injin wanki mai ƙofar gaba yana son ruwan famfo mai ƙarfi da wutar da ba za ta yanke a tsakiyar wanki ba. Gidan da ke sayen ruwa a jarka, mai baho biyu ya fi masa.

To me za ka saya?

Ba zan kawo farashi ba, don yana bin dala, kuma hukunci a kan takamaiman kaya sai an gan shi an karanta lambarsa. Amma a kan abin da ka faɗa, talabijin shi ne inda zan ce ka nemi Samsung ɗin, daga dila mai izini, da rasit da katin garanti mai lambar kayan. Kayan da aka shigo da su ta bayan fage daga wata kasuwa, ko na asali ne, cibiyar gyara tana iya ƙin karɓar garantinsu. Waya kuma, wadda ke hannunka ka gwada ta da lambobin nan biyu ka huta da maganar abokinka.

Firiji da esi, fara da tambayar masu gyara na garinku wane kamfani ne ake samun bod ɗinsa da fankarsa a kusa, kuma cikin kwana nawa. In amsar Samsung ce, saya. In wani ne, ɗauki wancan, rarar kuɗin ka sa a sitabilaiza da waya mai kauri daga mita zuwa soket ɗin esi.